Darasi na Bakwai

Ƙarfe ɗayan dare a Bajoga.
Gari ya yi tsit, sai karnukan bakin tasha
da motocin siminti masu nishi daga Ashaka.
Lokacin ne data ke araha,
lokacin ne nake zama ɗalibi.

Bulo uku na jera a bayan ɗakin Bappayo,
nan kaɗai sabis ke yarda ya tsaya.
Waya a hannu, sauro a ƙafa,
biro a baki, littafin 'yata a cinya,
ta bar min shafi goma na baya.

Sun ce kyauta ne. Na yarda.
Ruwan rijiya ma kyauta ne,
amma guga da igiya kai za ka saya.

Malamin farko, murya kamar ta mai karanta labarai,
yana koya min yadda ake share dusar ƙanƙara
daga kan farantin sola.
Na dubi kwanon rufinmu
da ke iya soya ƙwai da azahar,
na yi dariya ni kaɗai.
Turancinsa gudu yake, kamar ɗan acaɓa ya hango shinge.
Sai in ja shi baya, in sake ja,
kowane ja, naira ce ke zuba.

Darasi na shida ya ce: babban abin yana gaba.
Na danna na bakwai.
Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa
kamar akuya a turke,
har ladanin masallacin Ardo ya yi gyaran murya.
Kwana tara haka.
Ashe an ɗauke shi tun bara, ba wanda ya waiwayo.
Makaranta ba ƙofa, ba maigadi,
kuma ba wanda za ka kai wa kuka.

Jarrabawa kuwa, kunyar faɗi nake ji.
Canki-canka na yi, na ci casa'in.
Suka ce barka, ka ƙware,
in kana son takarda, dala arba'in da tara.
Ni da ban san wayar da ke zuwa batir ba
da wadda ke zuwa lahira.

Inbatar Hajiya Dudu ce ta yi min jarrabawar gaskiya.
Hayaƙi ya tashi, shuɗi, mai warin roba.
Ba ta yi zagi ba.
Ta ce, Hammadu, a ina ka koya?
Na nuna aljihu.
Wata biyu ina biya.

Daga baya na ci karo da wata mata.
Ban san ƙasarta ba, ban ga fuskarta ba,
hannu kawai, da fensir,
da takarda mai tabon shayi,
zakara na cara a bayanta, irin namu.
Ta zana tanki, ta zana bututu,
ta ce wuta ma haka take gudu.
Ta yi kuskure, ta goge, ta ce ku yi haƙuri.
A nan na yarda da ita.
Mutum ɗari biyu suka kalle ta.
Mai ƙanƙara, miliyan.

Yau firjin allurar rigakafi
a ƙaramin asibitin unguwarmu
yana gurnani a hankali, dare da rana.
Ni na haɗa. Ba takarda.
Unguwarzoma Zuwaira ta zura hannu ciki,
ta ce, to, akwai sanyi.
Shaidata ke nan, ba ta da tambari.

Jiya Jibo, ɗan Bappayo, ya ce in nuna masa inda ake koya.
Na ce kasuwa ce, yaro,
tsaba da tsakuwa a mudu ɗaya,
kuma ba mai tsince maka.
Na ba shi bulo ɗaya cikin ukun.

In ya kai na bakwai
zan ce ya kashe wayar,
ya ɗauko min filaya da tsani.